Amsa ga Farfesan da ya ce muna gwaji da 'ya'yan mutane

Ranka ya daɗe,

A taron likitoci ka miƙe a bainar jama'a ka tambaye ni: wa ya ba likitan jarirai izinin ɗora na'urar sikanin a ƙirjin bakwaini, alhali kowa ya san sautin da na'urar ke aiki da shi ba ya ratsa iskar da ke cikin huhu? Ka kuma ce gwaji muke yi da 'ya'yan mutane. Aka tashi taro ba a ba ni makirfo ba.

Batun iska gaskiyarka ne, haka aka koya mana. Sai dai tun shekarun 1990 likita Daniel Lichtenstein a Faransa ya nuna cewa layukan da ku likitocin hoto kuke kira dattin hoto su ne labarin. Huhu mai lafiya layuka kwance yake bayarwa, fatarsa tana zamewa da kowane numfashi. In ruwa ya taru, layukan sai su miƙe tsaye, farare, har su haɗe. In iska ta tsere ta danne huhu, zamewar nan ɗif take tsayawa. Ƙirjin jariri kuwa siriri ne, haƙarƙarinsa bai gama ƙwari ba, ya fi na babba sauƙin gani.

Zargin gwajin ne ya tsaya mini a rai. A 2015 likitoci a Faransa suka fitar da ma'auni: a raba kowane huhu gida uku, kowane gida maki 0 zuwa 3, jimillar ta nuna jaririn da ke buƙatar safaktan, maganin da ke hana buhunan iskar huhu mannewa. A 2020 ESPNIC, ƙungiyar Turai ta masu kula da yara da jarirai masu tsananin rashin lafiya, ta wallafa ƙa'idojin wannan aiki a bakin gado. Su ma duk 'yan gwaji ne? Ko mujallun ne ba su iso teburinka ba?

Zo ka tsaya kusa da kwalba da tsakar dare. Ga yaro bai kai kilo ɗaya ba, yana gurnani, ƙirji na lotsawa, oksijin na sauka. Mu jira a turo injin eksire, a ɗaga yaron, a cusa faranti mai sanyi ƙarƙashinsa, a sake haska masa radiyeshon? Cikin 'yan mintuna na duba shi da sikanin, ko juya shi ban yi ba.

Na yarda hannu ya bambanta, sai da horo, kuma eksire yana nan da aikinsa wajen duba inda bututun da aka zura wa jariri ya tsaya. To ku da kuka ƙware, ku horar da mu mana. Mun rubuto wa sashenku muna neman haka, shiru kake ji. Yanzu da takardun neman hoto suka ragu sai tausayin jarirai ya motsa? Allah Ya sa ba lissafin kuɗin shiga ne ya yi tambayar ba.

Zagayen safe ƙarfe takwas muke farawa. In ka zo, kai zan miƙa wa na'urar.

Naka, da girmamawa,
Wani likitan jarirai