Kafin ka sayi tobo, fara duba bulok ɗinka

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana da samari masu sha'awar tseren mota na gajeren zango, wato wanda motoci biyu ke jerawa su fizga a miƙaƙƙen layi na mita 402. A filin tsere nake nufi fa, ba kan titin jama'a ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne yaro ya tara ɗan kuɗinsa da kyar ya je ya narkar da su a tobo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi) da salansa mai ƙara, shi kuwa bulok ɗin, wato gangar jikin injin, da zai sha duk wannan wahalar ko leƙa cikinsa bai yi ba.

Ni ma na taɓa tafka wannan wautar. Na sayi tsohon bulok na wanke shi na fesa masa fenti yana ta sheƙi, na haɗa, a fizga ta uku na zaro sandar duba mai sai ga baƙin mai ya koma fari fat kamar an zuba masa madara. Da muka kwance ashe tsaga ce siririya kamar silin gashi a jikin silinda ta bar ruwa ya shiga cikin mai, kuma da ita na sayo shi, fentin nawa ma bai tsinana komai ba.

In aljihu ba nauyi, nemi bulok na baƙin ƙarfe. Na alminiyom ya fi sauƙin nauyi, gaskiya ne, amma ƙarfen ya fi araha kuma ya fi jure duka. Ba banza ba har yau ake rububin Chevrolet 350 mai lita 5.7 wanda ya fito tun 1967, musamman mai noti huɗu a kowane murfin da ke riƙe karanshaf. Injinan LS na manyan motocin GM, 5.3 da 6.0, su noti shida ne ma, ga kuma 2JZ na Toyota shi ma ƙarfe ne. Amma tsohon bulok ɗin Ford 302 an san halinsa, in aka matsa masa ya kai wajen ƙarfin doki 500 yakan tsage gida biyu, ko wane irin fistin ka sa masa.

Wajen masu aikin tona, wato masu yanka da gogar ƙarfen inji da na'ura, ya kamata kuɗinka su tafi. A fara gwajin maganaɗisu, a barbaɗa garin ƙarfe, inda duk akwai tsaga garin zai taru ya ja layi kana gani da idonka. Sai a auna kaurin bangon silinda. Kuma don Allah a daina kwaɗayin faɗaɗa silinda, inci 0.030 ya isa in ma ana buƙata, don duk abin da ka kankare ƙarfin bangon ka rage, ɗan ƙarin girman nan ba zai biya ka ba. Lokacin gogar silinda ka nace a ɗaura faranti mai kauri a saman bulok a ɗaure shi kamar yadda za a ɗaure top silinda, saboda notunan nan in an tamke su sukan ɗan murɗa ramin, to in ba a haka aka goge ba ring, zoben da ke jikin fistin, ba zai zauna daidai ba, mota ta dinga shan mai kana zagin mai sayar da ring. In ka canza notunan karanshaf zuwa masu ƙarfi irin na kamfanin ARP, a sake auna ramukan da metal (ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kansa) ke zama a tabbatar suna kan layi ɗaya.

Sai maganar tazara, wadda kusan kyauta ce amma ita ake raina wa. Mai sa tobo ko naitros (iskar gas da ake fesa wa inji don ƙarin ƙarfi) dole ya buɗa bakin ring fiye da na motar gida, zafi na kumbura shi, bakin biyu suna haɗuwa kan fistin ya ɓalle. Tazarar metal kuwa kimanin inci 0.001 ne ga kowane inci na kaurin wuyan karanshaf, kuma aunawa ake yi, ba wai ka juya da hannu ka ce ai yana tafiya ba.

Wasu na cika rabin hanyar ruwan sanyaya inji da ke cikin bulok da wani abu mai kama da siminti don bango ya ƙara tauri. Yana aiki ga motar da gudun daƙiƙa goma sha wani abu za ta yi a kashe ta, amma in da ita kake zirga-zirga za ta dinga zafi.

Bayan an dawo da bulok daga tona a cire duk matosan hanyar mai a wanke da ruwan zafi da sabulu da siririn buroshi, a goga farin ƙyalle a cikin silinda, in ya fito da baƙi a sake wankewa. Nawa na biyu sau huɗu na wanke kafin ƙyallen ya fito fari.

Naku,
wani bakanike mai karanta jaridarku