Barcin damina bayan yara sun bar gida

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi wa iyaye tsarata albishir.

Shekara 31 ina fargabar hadari. Da gabas ta yi baƙi sai in hau ƙirga yara: wa ya dawo daga islamiyya, wa ke wasa a bakin kwata, wa zai kwashe shanya. Bana auta ta tare a Gusau, gida ya rage daga ni sai Malam.

Da farko shirun ya dame ni, kullum tuwo sai ya kwana. Sai da Agusta ta kama na ji daɗinsa. Ranar Talata bayan azahar ruwa ya tsuge a Mabera, na tara bokitai a indararo, na sha fura, na miƙe a tabarma. Ƙarar ruwa a kan kwano ta ɗauke ni. Wanda ya kwana yana fifita a tsakar gida cikin zafin Afrilu na Sakkwato ya san abin da nake nufi. Kiran la'asar ya tashe ni, Malam kuwa sai da na taɓa shi sau biyu.

'Ya'yana, in ana ruwa ku daina kirana a waya.

Wata uwa daga Mabera, Sakkwato