Rahoton Ayyukan Shekara Daga Sakataren Ƙungiyar Masu Kiwo

Assalamu alaikum. Baba Shugaba, dattawanmu, iyayenmu mata masu kiwon gida da sauran 'yan'uwa, barkanmu da ganin ƙarshen wannan shekara.

Na san abin da aka fi son ji, don haka da shi zan fara. Firijin ajiye rigakafi mai aiki da hasken rana da muka yi alkawari bara, ba a saya ba. Lokacin da muka yi lissafi, mun ɗora shi ne bisa zaton kowa zai biya kuɗin wata. Rajistarmu na ɗauke da sunaye 64, amma mutum 23 ne suka biya cikakke. Kafin a tara rabin kuɗin, farashin batir da faranti ya tashi. Abin da aka tara yana asusu, Ma'aji yana riƙe da takardar banki, mai son gani ya je ya gani. Ina faɗin haka ne saboda maganganun da suka dawo mini daga kara, cewa wai shugabanni sun yi sama da faɗi da kuɗin. Mai wannan magana, na duba littafi, rabonsa da biya tun kafin babbar Sallar bara.

Rumfar keɓe dabbobi marasa lafiya ma haka take: an kafa ginshiƙai, kwano ya gagara. Ranar aikin gayya mutum bakwai suka fito, biyu a ciki yarana ne.

Taron wata-wata an yi tara, uku sun faɗa cikin azumi da damina.

Yanzu ga abin da ya faranta mini rai. Mun tura mutum uku Zariya taron likitocin dabbobi kan kula da ƙananan dabbobi: ni, da mataimakin Shugaba, da shugabar mata. An yi ta ƙorafin kuɗin mota, kuma gaskiya ne tun da aka cire tallafin mai a 2023 tafiya ta zama aiki. Duk da haka ban taɓa ganin kuɗin ƙungiya da ya yi albarka kamar wannan ba.

Kusan rabin yini aka kwashe ana magana kan dakashi kaɗai, wato nonon farko bayan haihuwa. Mu da muka tashi cikin kiwo, sai muka ga kamar za a koya wa ɗan kada iyo, ashe da sauranmu. Likitan ya bayyana cewa maraƙi da ɗan akuya da ɗan tunkiya ana haifarsu ne ba su da garkuwar jiki, domin ba ta ratsawa daga uwa zuwa ɗa a cikin ciki. A dakashi take zuwa. Hanjin jariri kuma yana karɓarta sosai ne a awa shida na farko, bayan awa 24 ƙofa ta rufe, ko ya sha daga baya ya zama abinci kawai. Abin da ake so ya sha ya kai kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa, wato maraƙi mai kilo 20 yana bukatar kusan lita 2. Nan mataimakin Shugaba ya dube ni na dube shi, don mun san garke nawa ne ake bari sai gari ya waye kafin a duba ko maraƙin dare ya kama nono. Idan uwa ta ƙi ɗanta, a tatsa a ba shi a hankali, kada a ɗura masa ya shaƙe.

Sai cibiya. A tsoma ta cikin aidin da zarar an haihu, a bar toka da kashin shanu. Kumburin gwiwa da muke gani ga maruƙa bayan mako biyu ko uku, sau da yawa ta cibiya ƙwayar cuta ta shiga.

Kan zawo kuwa, shugabar mata ce ta miƙe ta yi tambayar da ta sa zauren ya yi dariya, ta ce ita fa ja da yalo take buɗewa ta zuba a ruwa. Amsar da aka ba ta ita ce, abin da ke kashe ɗan dabba mai zawo bushewar jiki ne. In ka ga ido ya faɗa, ka ja fata ba ta koma ba, ruwan gishiri da sukari yake nema, kuma kada a hana shi nono. Bankawa dabba kafso da allura ba bisa ƙa'ida ba shi ke sa magani ya daina ci. An kuma faɗa mana akwai tsutsar ciki da ke bin nonon saniya ta shiga maraƙi, shi ya sa ake ba shi maganin tsutsa tun yana da kimanin mako biyu.

An taɓo PPR, ciwon nan na majina da zawo da ke share awaki da tumaki. Ɗan da ya sha dakashin uwar da aka yi wa rigakafi yana da kariya na 'yan watanni, sai a yi masa nasa daga wata uku zuwa huɗu. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, a jihar Filato, tana yin allurar, kuma allura ɗaya tana kai shekara uku. Duniya ta sa 2030 don kawar da cutar, kamar yadda aka kawar da ciwon bushiya na shanu a 2011. Allurar nan sai da sanyi, kun ga inda maganar firiji ta dawo.

Da muka dawo, shugabar mata ba ta jira kowa ba. Ta bi gida-gida da kwalbar aidin da ta saya da kuɗinta, tana nuna wa mata yadda za su shimfiɗa busasshen ƙaiƙayi su tare iskar hunturu. A gidajen da suka bi maganarta, tagwayen dabbobin da aka haifa cikin sanyin nan suna nan da ransu. Allah Ya saka mata.

Zaman da muka kira don mu mayar da abin da muka koyo, mutum 19 suka zo. Abin da ke ba ni haushi, waɗanda ba su zo ba su ne ke buga mini waya ƙarfe biyu na dare, maraƙi ya kwanta. Ni ba likita ba ne, sakatare ne, kuma ko sisi ba a biyana. Zan ci gaba da ɗauka saboda dabbar ba ta yi laifi ba.

Kwamiti ya yanke cewa duk wanda ake bi bashin wata shida, sunansa ba zai shiga jerin rigakafin bana ba sai ya biya. Ma'aji yana shagonsa kullum bayan La'asar, ranar kasuwa kuma yana kara. A zo da katin memba.

Wassalam,
Sakatare