Rahoton Shekara na Kwamitin Lafiyar Ido ga Membobin Ƙungiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu dattawa, malamai, da 'yan uwa membobi na nan gida ƙasar Gumel da mazauna Kano, Kaduna da Legas, ga bayanin abin da kwamiti ya yi da amanar da kuka ɗora masa a bana. Lissafin kuɗi dalla-dalla yana hannun ma'aji, zai karanta shi a taro. A nan aikin kawai za mu faɗa.

Da makarantu muka fara. Ma'aikacin jinyar ido da muka gayyato ya koya wa malaman firamare da na Islamiyya gwaji da allon harafin E. Abu ne da ba ya buƙatar lantarki: igiya mai tsawon mita 6, allo a jikin bango inda haske yake, yaro ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ya nuna inda ƙafafun harafin suka dosa. Sai dai malami ya tsaya a kansu, don yara kan leƙa ta tsakanin yatsu, na bayan layi kuma su raɗa wa na gaba amsa. A nan aka gano cewa wasu yaran da aka daɗe ana kira daƙiƙai, rubutun allo ne ba sa hangowa. An mayar da su layin gaba, waɗanda ke buƙatar tabarau aka tura su asibiti aka auna musu. Akwai kuma masu ƙaiƙayin ido, waɗanda farin idonsu ya rine saboda susa. Yawancinsu iyaye sun daɗe suna sayo musu maganin ɗigawa a kemis, alhali wasu irin waɗannan magunguna, in an daɗe ana ɗiga su ba da sanin likita ba, suna tayar da hawan jinin ido ko su kawo yanar ido.

Gwajin manya mun so mu yi shi a Ranar Gani ta Duniya, wato Alhamis ta biyu a watan Oktoba. To, Alhamis ranar kasuwar Maigatari ce, ga shi kuma ana tsakiyar kaka, don haka muka ɗaga zuwa Asabar. Layin da ya fi tsawo na masu neman gilashin karatu ne. Duk wanda ya haura shekara 40, ganinsa na kusa kan fara ja da baya, kuma wannan ba cuta ba ce. Wani tela da ya koma sai jikansa ya zira masa zare a allura, yana saka gilashin ya karɓi allurar ya zira da kansa, jama'a suka ɗauki kabbara. Masu ɗinkin hula da alarammomi ma sun amfana.

Masu yanar ido mun haɗa su rukuni-rukuni zuwa Kano, wasu asibitin ido na ECWA da ke Sabon Gari, wasu asibitin Makkah. Aikin ba ya daɗewa: a cire yanar, a saka ɗan gilashi a cikin idon, washegari a buɗe bandeji. Muna sake roƙon dattawanmu da su daina ba masu yawo gari-gari idonsu. Abin da suke yi shi ne tura yanar cikin ido da tsinke. Mutum kan ga haske na ɗan lokaci, daga baya ciwo da kumburi su biyo, kuma da wuya likita ya iya gyara idon da aka taɓa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Inda kwamiti bai gamsu ba shi ne hawan jinin ido, wanda likitoci ke kira gulokoma. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya nuna kashi 4.2 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, yanar ido ce kan gaba wajen jawo makantar, gulokoma na biye. Bambancinsu babba ne. Ganin da yana ta rufe yana dawowa bayan aiki, wanda gulokoma ta ci kuwa ya tafi ke nan. Yawanci gulokoma ba ta ciwo, daga gefe take fara cin gani, mutum na karatunsa lafiya lau yana cin karo da ƙofa. Mutanen da aka samu da ita a gwajinmu, gilashi suka zo karɓa. An rubuta musu maganin ɗigawa na kullum, amma da muka bi su gida, da yawa kwalba ɗaya suka saya suka bari, wai ba su ga canji ba. Ai ba za su gani ba, maganin tsare sauran ganin yake yi. Kuma cutar na bin dangi, don haka 'yan uwan mai ita da 'ya'yansa manya su ma a auna su. Haka masu ciwon suga, a duba cikin idonsu duk shekara ko da ba su jin komai.

Mata ba su fito kamar maza ba, duk da cewa amosanin ido, mai juyar da gashin ido ciki yana kartar ƙwayar, ya fi kama su. Ungozomomin da suka shiga gida-gida sun cancanci godiya ta musamman. Lokacin sussuka kuma an samu waɗanda kara ko ƙaiƙayi ya tsone wa ido, aka ɗiga musu nonon uwa ko ruwan ganye, ba a kai su asibiti ba sai da idon ya yi fari.

Shawarar kwamiti ga taron shekara ita ce a rage abin da ake kashewa kan rumfa da abincin ranar gwaji, a mayar da shi kuɗin mota da maganin masu gulokoma. A ware rana ta mata kaɗai, da ma'aikaciya mace. Kowace unguwa ta ba mu mutum ɗaya da zai riƙe sunayen masu komawa asibiti yana tuna musu ranarsu. Masu bashin kuɗin wata kuma, don Allah su ga ma'aji kafin taro.

Wassalam.
Sakataren Kwamitin Lafiyar Ido