Rocamadour, ƙauyen da ya maƙale a jikin dutse

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Da an ambaci Faransa, hankalin jama'a kan tafi Paris, shi ya sa nake son masu karatu su san Rocamadour, wani ƙauye a lardin Lot, kudu maso yammacin ƙasar.

Mazaunansa kusan 600 ne kacal, amma baƙin da ke ziyartarsa a shekara sun haura miliyan ɗaya. An gina shi hawa-hawa a jikin dutse mai tsayin kimanin mita 120 a saman kwarin kogin Alzou: gidaje a ƙasa, majami'u a tsakiya, ganuwa can bisa ƙololuwa. Matakala 216 ke kai mutum wurin majami'un, waɗanda UNESCO, hukumar raya ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya biyu daga cikinsu a jerin kayan tarihin duniya a 1998.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ruwa. Ƙasar yankin farar ƙasa ce mai ramuka, ruwan sama na zuba sai ya nutse, shi ya sa Alzou kan ƙafe da rani. Noma bai cika yi ba, sai kiwon tumaki da awaki, kuma cukun nonon akuyarsu ya samu shaidar inganci ta hukuma a 1996.

Naka,
Wani mai karatu