Wasiƙa daga Kabul zuwa Tudun Wada

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da Inna da duk mutan gida. Saƙonka ya iso, na kuma ga batun aikin asibitin da aka yi maka tayi a nan, da tambayarka ko ka taho da Anti da yara. Shawarata ita ce in za ka zo, ka zo kai kaɗai.

Karatun yarinyarka ne ya fi tsaya mini a rai. Tun da Taliban suka karɓe Kabul ranar 15 ga Agusta 2021, 'ya mace ba ta wuce aji shida a boko. A watan Maris na 2022 an ce za a buɗe sakandare, yara suka shirya suka tafi, a ranar aka sallamo su gida suna kuka. Jami'a ta biyo baya a Disamba 2022, sannan a Disamba 2024 aka rufe musu makarantun jinya da na ungozoma, waɗanda su ne 'yar ƙofar da ta saura. Taka tana aji biyar bana, ka ga shekara guda ta rage mata ke nan. Ka bar ta a Zariya ta yi karatunta, don Allah.

Sai batun fita. Dokar Disamba 2021 ta ce mace ba ta tafiyar da ta haura kilomita 72 sai da muharrami, nisan da bai ma kai daga Zariya zuwa Kaduna ba. A takarda ke nan. A kan titi kuwa, direban tasi yakan ƙi ɗaukar mace ita kaɗai ko da cikin gari ne, saboda shi za a kama. Miji da mata ma gara su riƙa yawo da takardar aure, domin a shingen bincike akan tambayi dangantakarsu. An hana mata wuraren shan iska da gidajen wanka na haya tun Nuwamba 2022, shagunan gyaran gashi kuma aka rufe su a Yuli 2023. Anti ba ta jin Dari, ba ta jin Pashto, ga hunturun Kabul mai ƙanƙara. Zaman ɗaka kawai za ta yi, babu biki babu suna, babu maƙwabciyar da za ta leƙo.

Hijabin da matanmu ke sawa har ƙasa bai wadatar ba muddin fuska a buɗe take. Ana son ko dai shuɗin lulluɓin nan mai raga a ido, ko baƙar abaya da niƙabi, ko da yake mata da yawa a Kabul takunkumin fuska suke ɗorawa a kan abaya. Ka lura da yadda aka tsara hukuncin a dokar Mayu 2022, don a nan ƙullin yake: ba matar ake fara nema ba, waliyyinta ne. Karo na farko gargaɗi, na biyu a kira shi ofis, na uku kwana uku a tsare, na huɗu kotu. Shi ya sa uban da ke son 'yarsa ta fita shi ne da kansa yake kulle ƙofa, ba don ya yarda ba, don tsoro. Wannan abin yana ci mini rai ƙwarai.

Kai ma ba a bar ka ba. Dokar Agusta 2024 mai sassa 35 ta ce kada gemu ya gaza kamun hannu guda, ba kiɗa a mota, ba hoton mai rai. Jami'an da ke kula da ita, masu farar riga irin ta likitoci, suna da ikon tsare mutum har kwana uku. Kafin ka sauka ka share waƙoƙi da hotunan biki daga wayarka, don a shinge akan duba.

Kada a ce na zagi mutanen nan. Yaƙi ya lafa, suna da karamci, ba ka shiga shago ka fito ba a miƙo maka shayi ba, kuma da sun ji Musulmi ne kai sai fara'a. Amma hana mata ilimi ba addinin da muka karanta a zaure ba ne. Shehun Azhar da kansa ya ce ya saɓa wa shari'a, mu kuma da muka tashi da labarin Nana Asma'u ba sai an faɗa mana ba. A asibiti za ka ga illar da idonka: ana son mace ta duba mace, alhali an daina horar da masu dubawar.

Ka riƙa ajiye tsabar kuɗi a hannu. A ƙarshen Satumba 2025 an katse intanet da layukan waya na kwana biyu a duk ƙasar, har jirage suka tsaya. Ka gaya wa Inna in ta ji shiru kada hankalinta ya tashi. Mun riga ku da awa uku da rabi, saboda haka kiran bayan La'asar ɗinku ya fi dacewa.

A gaida Inna da kyau, a ce ta ci gaba da sa mu a addu'a. In ka yanke shawarar tahowa, ka riƙo mini kuka da daddawa.

Wassalam,
Ƙaninka