Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugaban kamfanin otal ɗin da ya ci makina ya kuma ci kuɗina a Zariya

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, jiya da daddare saƙonku ya shigo wayata, wai an warware matsalata, an rufe ƙorafina, har ana roƙona in ba ku taurari biyar. Ban san wace matsala aka warware ba, domin ko sisi bai dawo asusuna ba. Na bi lambar da ta turo saƙon, ta yi ta ringin har ta katse. Shi ya sa na kawo maganar bainar jama'a, tunda ta bayan fage ta ƙi ci.

Ni mazaunin Tudun Wada ne, amma harkar kasuwancina tana yawan kai ni Kaduna da Abuja, kuma rassanku nake sauka shekara da shekaru. A haka na kai matakin da kuke kira katin zinare, na tara maki 41,300. Takardar da kuka ba ni da katin ta ce maki 12,000 kwana ɗaya ne kyauta a kowane reshe, kuma mai wannan kati shi ake fara dubawa idan yana son ƙarin kwana.

A watan jiya aka kwantar da mijin gwaggona a asibitin koyarwa na Shika domin a yi masa aiki. Daga Gusau suka zo, ita da 'yarta. Gidana ya yi musu nisa da asibiti, ga shi a cike da yara, sai na kama musu ɗaki a reshenku na Zariya, kwana huɗu, kowane kwana naira 42,000. Na tura 168,000 tun kafin su baro gida. Ranar Laraba likita ya ce sai mara lafiya ya ƙara kwanaki suna duba shi. A daren na kira layin masu kati na nemi ƙarin kwana uku, na ce a cire a makina. Wadda ta ɗauka sai da ta tambaye ni a wace jiha Zariya take. Na gaya mata. Ta ce an gama, kuma da ƙarfe 9:40 saƙo ya shigo cewa an cire maki 36,000, saura 5,300. Saƙon yana nan, ban goge ba.

Ranar Juma'a ina fitowa daga masallaci 'yar gwaggo ta kira ni tana kuka. Sun dawo daga asibiti katin ƙofa ya ƙi buɗewa. Na tari keke napep, ga cunkoso a Kwangila, ko da na isa na tarar da kayansu a bayan kantar karɓar baƙi: akwati, kwandon kuloli, filas ɗin shayi, da dardumar gwaggo da wani ya cusa cikin leda tare da takalman wanka. Mace mai shekara sittin da ɗoriya, wadda ta kwana a zaune gaban mijinta, tana tsaye a gaban baƙi ana ce mata lokacinta ya ƙare tun sha biyun rana.

Na nuna wa manaja saƙon. Ya duba kwamfuta ya ce shi bai ga komai ba, masu kati ofishinsu daban, su na Zariya daban. Ɗakin kuma an riga an sayar, domin makon bikin yaye ɗalibai ne a Jami'ar Ahmadu Bello, garin ya cika. Amma da na ce to nawa ne in zan biya, nan take ɗaki ya samu. Naira 75,000 kowane dare. Da harajin kashi 7.5 cikin ɗari, kwana ukun suka tashi 241,875. Na zura katina a POS na biya, domin ba zan kwashi tsohuwa in shiga gari neman masauki a irin wannan rana ba. Ɗakin da aka ba su ƙarami ne, tagarsa na kallon janareta, kuma kowa ya san yadda wuta take a garin nan.

Ina roƙo kada a huce a kan yarinyar da ke kanta. Ita ce ta kawo wa gwaggo kujera da ruwa, tana ta cewa “Mama ki yi haƙuri.” Ba ita ta tsara wannan abu ba.

Daga nan na shiga bin layinku. Yau a ce netwok, gobe a ce an tura wa sashen da ya dace, jibi a ce in turo hoton rasidin da na riga na turo. Kowane kira sai na faro labarin daga tushe, da Turanci, domin kamfanin da ke da rassa a Arewa bai ga dalilin ajiye mai jin Hausa ko ɗaya a layinsa ba. Da gwaggo ce ita kaɗai, da wa za ta yi magana?

Sai ranar Litinin 17 ga wata, ƙarfe 11:15 na safe, aka haɗa ni da wani da aka ce shi ne babba. Na ce masa kwana ukun nan sau biyu na biya su, da maki da kuma kuɗi, a mayar mini da ɗaya. Ya ce rasidina ya nuna gwaggo baƙuwa ce da ta faɗo ba tare da an kama mata ɗaki ba, don haka ba ruwan sashensa. Na ce to makina fa? Ga abin da ya ce, kuma tunda kun ce kuna naɗar kowane kira, a saurara a ƙaryata ni: “Alhaji, maki ai ba kuɗi ba ne, kyauta ce muke yi muku.” Na ce kyautar da na saya da kwanan shekaru? Ya ce in ban gamsu ba, ai otal ba ɗaya ba ne a Zariya. Ya ajiye waya ina cikin magana.

Ranka ya daɗe, wannan rainin wayo ne. Idan ɗakunanku babu kowa, a lokacin ne kuke tuna mu, kuna turo saƙo muna manyan abokan hulɗa. Da zarar gari ya cika, ko bikin jami'a ko hawan Sallah, sai kwamfuta ta makance a kan mai maki, ta buɗe ido ga mai tsabar kuɗi. Da na ba da labarin a majalisarmu, ba ni kaɗai ba ne ashe. Akwai wanda makinsa ya ɓace aka ce wa'adinsa ya wuce, ba tare da an taɓa sanar da shi akwai wa'adi ba. Ku ke buga makin, ku ke yanke darajarsa, ku ke zaɓar ranar da zai yi aiki. Mu namu kawai mu riƙa dawowa muna biya.

Ina neman a mayar mini da naira 241,875 cikin asusun da ta fito, tunda makin kun riga kun karɓa. Ina neman takardar ban haƙuri da sunan gwaggo, da Hausa, yadda za ta karanta da kanta. Kuma ku fito fili ku gaya wa duk mai katinku ko akwai ranakun da maki ba ya aiki, ku rubuta su a inda kowa zai gani, ku kuma faɗi dalilin da ofishin da ke cire maki ba ya magana da ofishin da ke ba da ɗaki, alhali cirewar ba ta taɓa samun matsalar netwok.

Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta kafa hukumar FCCPC saboda irin wannan. Na haɗa saƙon cire maki, rasidan biyu da jerin kiraye-kirayen da na yi. Idan mako biyu ya cika ban ga alat ba, can zan kai su.

Wassalam.

Naku,
Mai riƙe da katinku na zinare,
Tudun Wada, Zariya